Sabon Ɗan Talla Mai Furfura

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka tsayar da ni gaban sauran masu koyon aiki in tallata na'urar tace ruwa. Na haddace komai, amma da Madam mai horar da mu ta ce, "Bismillah, Baba," sai kaina ya zama fanko. Wai Baba! Duk sa'o'in ƙannena ne. Har ruwan gwajin na zubar mata a siket.

Laraba, 5 ga Maris
Madam ta ce in ja numfashi, in kalli goshin mai saye maimakon idonsa. Na gwada a wani shagon magani. Mutumin ya shafa goshinsa ya ce, "Malam, wani abu ka gani?" Na fito ko jakar na'urar ban buɗe ba.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaji a gida, maman yara ce mai saye. Ban kai rabi ba ta ce, "Na saya, maigida, kawo biyu!" Yara suka fashe da dariya. Da ta juya, na ga tana share ido da bakin zani.
Duk shekarun da na yi ina jera kaya a sito ba wanda ya nemi bakina. Sito ya rufe, ga ni nan.

Talata, 11 ga Maris
Gumi, in'ina, sai a ce min "sai wani jiƙon."

Alhamis, 13 ga Maris
Dogo, abokin zagayena, ya sake sayarwa. Shi bakinsa kamar famfo. Madam ta ja ni gefe: wanda bai sayar ba zuwa ƙarshen wata za a sallame shi. "Ba ƙinka nake ba, Baba." Na ce na gode. Na gode da me?

Litinin, 17 ga Maris
Gidan renon yara. A gaban mai wurin na fara in'ina kamar kullum. Ban san sanda na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sabo ne ni, tsoro nake ji" ba. Ta turo min kujera: "Zauna, ai ba cizo nake ba." A zaune na zuba ruwan, ya fito garau.
Ba ta saya ba. Za ta yi shawara, haka kowa ke cewa.
Sai a mota na tuna cewa na kai ƙarshen bayanin. Ba wani abu ba ne. Na dai ga wata makaranta a bayan layinsu. Wataƙila in leƙa gobe, tunda hanya ce.