Ukun da Ke Cikin Ƙanƙara

Litinin, 3 ga Fabrairu
Wankin ƙoda da safe. Na dawo na tarar da matata Nieves zaune a kicin, ko tukunya ba ta ɗora ba. Ashe daga asibitin haihuwa na Valencia aka kira ta. Maganar ukun nan ce.

Bari in rubuta, ko na gan ta da kyau. Lokacin da muke neman haihuwa, ƙwai huɗu suka haɗu a kwalba. Da aka gwada, ɗaya ce ba ta ɗauko ciwon ƙodar gidanmu ba, ita ce 'yarmu Candela, ga ta nan har ta kusa kamo uwarta a tsawo. Sauran ukun suna cikin ƙanƙara tun lokacin. Yanzu Nieves ta wuce ɗaukar ciki, kuma ba a ba wasu iyaye saboda ciwon. Ko a bari su narke, ko a ba masu bincike. Wai wata likita na neman masu ciwon musamman, tana tsirar da 'yan mitsi-mitsin ƙoda daga ƙwayoyinsu don gwada magani.

Nieves ta ce in yi tunani. Na ce na riga na gama.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Tsoho Quico, masuncin da kujerarsa ke kusa da tawa a ɗakin wanki, ya ce, "Kai mai gonar lemon da aka hana shan lemo, wa ya taɓa ka yau?" Na faɗa masa. Ya ce, "In suna karɓar tsohon kaya, ni ma a haɗa da ni." Na yi dariya ba don na so ba.

Abin da na kasa gaya wa Nieves: ukun nan ni ne. Da a zamanin Mama akwai wannan gwajin, da ni da Yaya Amparo muna cikin ƙanƙara.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Bayan coci na tsaya wajen Fada Saturnino. Ya ce rai rai ne tun daga ranar farko, ba a yin gwaji da shi. Abin da na je ji ke nan. Sai bakina ya ce, "To a narkar da su fa, Fada?" Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Ɗana, ko ta ina ka ɓullo akwai nauyi. Zan sa ku a addu'a."

Na samu goyon bayan da na je nema, amma ban ji sauƙi ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Jinina ya sauka ina kan injin wanki, ƙafa ta ɗaure. Ƙishirwa. Ba na iya rubutu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu
Shinkafa da zomo a gidan Yaya Amparo. Ana cikin ci 'yarta Mireia ta ajiye cokali ta ce an yi mata hoto, ƙodojinta biyu duk sun fara ƙulle-ƙullen ruwa. Yarinyar da za ta yi aure a bazara. Ta kalle ni ta ce, "Kawu, ka kama min kujera kusa da taga a ɗakin wanki." Babu wanda ya yi dariya. Yaya ta tashi wai za ta ɗauko burodi, alhali ga shi nan a gabanta.

A mota muka yi ta da Nieves. Na ce 'ya'yana ne. Ta ce, "Fermín, tsawon shekarun nan ka taɓa zuwa ka gan su? A jikina aka ciro su, ni na sha alluran. Kar ka koya min sonsu." Gaskiyarta. Ban ce mata ba.

Talata, 4 ga Maris
Na je Valencia ni kaɗai wajen likitar, sunanta Beltrán. Na ji ana iya yin irin ƙwayoyin daga fatar babban mutum, sai na ce ta yanki tawa ta bar ukun. Ta ce tana so, har ta yanka ɗan kaɗan a hannu. Amma wai ƙwayoyin fata sai an juya su da dabara, shi ya sa take bukatar na ɗan tayi ta riƙa auna su da shi.

Na tambaye ta ko binciken zai cece ni. Ta ce a'a, ni dashen ƙoda nake jira. Mireia fa? "Ban sani ba. In na ce maka eh, na yi ƙarya." Za su ji zafi? A'a, ba su kai nan ba. "Amma ba za su zama mutane ba, wannan ba zan ɓoye maka ba."

Ta sa na leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Wata 'yar ƙoda fara kamar ƙwayar shinkafa, da ƙurji a gefe. Ta ce wannan shi ne ciwon, yana somawa. Ciwon da ya kashe Mama da Kaka, yau na fara ganinsa da idona. Ashe ɗan ƙanƙani ne haka.

Na so in ji haushinta, ban samu dalili ba.

Laraba, 12 ga Maris
Wata mata ce a kujerar Quico. Nas ta ce jiya aka binne shi.

Laraba, 19 ga Maris
Ranar ubanni. Da na dawo wanki Candela ta ba ni safa, ta biyo ni gona duk da ba ta son ƙudaje. Muna tsakiyar itatuwa ta ce, "Baba, Mama ta gaya min. Da ni ce mai ciwon, da ni ce a can ko?" Na ce eh. Me zan ce? Na tambaye ta, da ita ce, me za ta so a yi da ita. Ta ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba. Amma da an zubar da ni a banza, gara a yi wani abu da ni." Daga nan ta koma zancen takalmin da za ta sa a bikin Mireia.

Yarinya ce, me ta sani. Haka nake ta gaya wa kaina.

Alhamis, 27 ga Maris
An fara feshi a gonar ƙasa. Ɗinkin hannuna ya warke.

Na kira asibitin haihuwa, don kawai in ji ko ana barin iyaye su shiga wajen ukun nan. Matar ta ce ba a saba ba, kuma ba abin da zan gani sai tukunyar ƙarfe. Na ce ita nake son gani. Ta ba mu Talata. Kafin ta ajiye na tambaye ta ko Likita Beltrán na nan ranar, kuma ko miji da mata tare suke sa hannu. Tambaya ce kawai.

Nieves na bakin ƙofa, ta ji komai. Da ta juya sai ta ce ita za ta tuƙa.