Rasuwar Hajiya Sahura Manu da Roƙonmu ga Masu Zuwa Gaisuwa

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai Kowa, Ƙungiyar Garkuwar Iyali ta Dogondutsi da Tibiri ta samu labarin rasuwar shugabarta ta farko, uwarmu Hajiya Sahura Manu, ungozomar Gesheme, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a Yamai bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ba a takarda ta koyi aikin wayar da kan iyalai game da ciwon gado ba. 'Ya'ya uku ta binne tun ba su kai yaye ba, ana ta cewa aljana doguwa ce ta shiga gidan, kafin likitoci su gano raunin garkuwar jiki ne da ake gado a danginsu. Ita kuwa a jikinta garkuwar ce ta juya tana cin gaɓoɓinta da ƙodarta, kamar yadda ta yi wa gwaggonta.

Shekara goma sha ɗaya tana ratsa rairayin Sukukutan da Kiyeshe a amalanke, yatsu a kumbure, tana zaunar da iyaye tana tambayar su wa da wa suka rasu a dangi, kuma da wane ciwo. Ba ta iya rarrashi ba, kowa ya sani. In ka ɓoye mata, sai ta je ta tambayi surukarka. Amma albarkacin faɗanta gidaje da dama suka kai yaransu awon jini. Wallahi mun yi rashi, kuma ya yi mana ciwo.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai gidanta, Alhaji Ɗayyabu, da ɗaukacin dangi. Allah Ya gafarta mata, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi.

Sai roƙonmu. Afra'u, 'yarta tilo da ta rayu, mai shekara takwas, tana ɗauke da wannan rauni, kuma murar da muke rainawa tana iya raba ta da duniya. Mun san kowa na son ladan shafa kan marainiya, amma don girman Allah, mai tari ko zazzaɓi ya yi addu'arsa daga gida, sauran jama'a a tsaya a rumfar waje. Wanda aka tare kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Shekara takwas Hajiya tana tsare ƙofar ɗakin yarinyar nan ita kaɗai. Yau ba ta nan, sai mu tsare mata.

Sa hannu:
Malam Faruku Abdul'aziz
Kakakin Ƙungiyar Garkuwar Iyali, Dogondutsi