Mazurarin Injin Auyo

Litinin, 3 ga Maris, 1997

Injin ban ruwa na Auyo ya tsaya. Mazurarin ƙarfen da ke haɗa bakin injin da babban bututu ya ruɓe, ya fashe. Shinkafar rani ta fara ɗaukar ciki, ga zafi kamar a bakin murhu. Ɗan'auta, shugaban manoman, ya zo ofis da kansa, taɓo har gwiwa. Ya ce in ruwa bai dawo cikin kwana biyar ba, sai dai a kira masu shanu su kiwace.

Oga Yakubu ya ce ni zan zana sabo a kwamfuta. Dama na samu! Wata bakwai da dawowata daga kwas a Kaduna, har yau 'yan wakshof kallon mai wasa da talabijin suke mini. Fallen ƙarfe biyu kacal suka rage a sito.

Talata, 4 ga Maris

Na je Auyo a babur, na gitta tef a bakin bututu. Milimita ɗari huɗu cif. Bakin inji ɗari biyu da hamsin. Minti goma ban yi ba.

Na gina mazurarin a kwamfuta, ina juya shi ta ko'ina, sannan na ce ta baje shi. Nan take ya shimfiɗu kamar maficin da aka yanke wa gindi. Har kaurin ƙarfen na sa a lissafi. Na buga a takardu shida, na manne su.

Baba Mala, tsohon mai waldarmu, ya daɗe yana kallon takardar. Shekara talatin yana fitar da irin wannan da alli da igiya a kan siminti. Ya ce, "Malam Ishaku, ka zaga bututun kuwa?" Na ce, "Baba, na auna. Kwamfuta ba ta ƙarya." Ya naɗe takardar, ya fita. Wannan halin nasa ne ke ƙona mini rai.

Laraba, 5 ga Maris

An yanka, an naɗe, an yi walda. Ya yi kyau, wallahi. Gobe Auyo.

Alhamis, 6 ga Maris

Bai shiga ba.

Gefen inji ya zauna daram. Gefen bututu ya ƙi, ta ko'ina aka juya shi. Manoma sun fi ashirin a tsaye a kanmu. Ƙasar fadamar ta fara tsagewa, ganyen shinkafar ya naɗe kamar tsinke.

Oga ya tambayi abin da ya faru. Na ce wajen yanka ne aka ci layi. A gaban kowa na faɗa. Baba Mala ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da tattara kayansa.

Falle ɗaya ya rage. Kafin a kawo wani daga Kano, sati biyu.

Juma'a, 7 ga Maris

An ɗauke wuta tun safe, janareta ba mai. Na zauna gaban baƙin allo kamar mai zaman makoki. Da rana na yi lissafin da biro, sau uku. Kewayen baki dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da bakwai. Daidai da na kwamfuta. Na auna abin da Baba ya yanka, ko gashi bai kauce wa layina ba.

To ina matsalar take, ya Ubangiji?

Matata Dibora ta ce ko tuwon ban taɓa ba. Na daka mata tsawa a banza.

Asabar, 8 ga Maris

Na koma Auyo ni kaɗai da sassafe. Na gitta tef yadda na yi ranar Talata, ɗari huɗu. Sai na juya shi daga sama zuwa ƙasa. Ɗari huɗu da talatin da huɗu. 

Bututun ba da'ira ba ne. Mai gadi ya ce ai tun ambaliyar shekaru uku da suka wuce wani kututture ya matse shi, kowa ya sani. Kowa, ban da ni. Ni na faɗa wa kwamfuta da'ira ce, ita kuwa ta yarda.

Na wuce gidan Baba Mala a Hadejia. Yana gyaran wata fitila a zaure. Ban san ta inda zan fara ba, na tsaya ina ta gaisuwa. Ya miƙa hannu saman katanga ya zaro wani dogon zaren kaba mai ƙulli biyu. Ranar Alhamis ya zaga bututun da shi, lokacin da nake ta surutu. Na shimfiɗa a kan tef: dubu ɗaya da ɗari uku da goma. Yatsa uku ne tsakanina da gaskiya.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Ina ce an ce ni na ci layi."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban je coci ba, Allah ya gafarta mini. An kawo wuta. Na shigar da awon kabar, na sake baje mazurarin. Baba ya zana nasa da alli a ƙasa, muka ɗora takardata a kai. Layi ya hau layi. Duk da haka, da ya kunna wutar gas a kan falle na ƙarshe, fita na yi waje. 

Litinin, 10 ga Maris

Ya daddaki bakin da guduma har ya bi lanƙwasar bututun. Ya shiga. Ƙarfe sha ɗaya da kwata ruwa ya fito.

Gonakin kusa da kwatar ban ruwa za su tashi. Na can ƙarshe, wajen kadada huɗu, sun riga sun ƙone. Ciki har da ta Ɗan'auta, don shi ya bar wa mutane na kusa. Da ranar Alhamis ruwan ya zo, da sun sha.

Shi ne kuma ya biyo ni har babur da tarwaɗa uku a leda, yana ta sa mini albarka. Na karɓa. Me zan ce masa?

Alhamis, 13 ga Maris

Na shiga ofishin Oga na ce, "Yallaɓai, awona ne ba daidai ba, ba yankan Baba ba." Ya ce to, ya ci gaba da rubutu. Shi ke nan. Amma a gaban mutum ashirin na yi waccan maganar, wannan kuwa a bayan ƙofa.

An kawo sabon aiki, mazurarin injin casar shinkafa a Birniwa. Sun aiko da awonsu a takarda, wuta ma akwai. Ban kunna kwamfutar ba tukuna. Gobe zan je in ga injin da idona. Na ce wa Baba ya shirya in goya shi, za mu fara biyawa ta Auyo ko da ba a kan hanya take ba, ina da 'yar magana da manoman. Ba wani abu ba ne ya sa zan goya shi, hanyar ce da nisa, mutum ɗaya sai ya yi gyangyaɗi.