Sunanki a Tsibirin Panya

Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya Malam da jikoki? Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi.

Yaya, wani abu ya tsaya min a rai. Ranar Talata ina shara a masaukin alhazai a Aziziyya, wata hajiya ta yi min magana da Hausa. Ta ce daga Panya take, tsibirin da Baba ya tafi aikin gonar koko bai dawo ba. Da ta yi dariya, na ga wushiryar Baba.

Na tambayi sunan mahaifinta, ta ce Garba Bakatsine, kabarinsa na can kusa da teku. Ita kuma sunanta Hadiza. Ta ce yakan ƙwala mata kira ba dalili, in ta zo ya ce, "Ba komai, je ki."

Ke 'yar fari, kin san kara ba ta taɓa barinsa ya kama sunanki ba. Ashe can ya je ya yi ta kira.

Ban gaya mata cewa ubanmu ɗaya ba tukuna. Ki gaida kowa. Ki sa Baba a addu'a, Yaya, ki amsa masa.

Ƙanwarki,
Rabi