Na Ce Babu Makaho a Azarori

Malam mai fili, ka taimake ni, gidana ya ƙi ni. Ni tsoho ne a Azarori, ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, maɗinkin kasuwa ne ka rubuta min wagga takarda, kuma na ce ya rubuta yadda na faɗa ko bai so.

Duk wanda anka haifa ko anka rufe a ƙasarmu tun kafin mota ta zo, yana cikin kaina. Shi ya sa da wani mushe, ma'aikacin gwamnati, ya taho daga biron Madawa, ofishinsu ke nan, maigari ya turo shi wurina. Wai gwamnati za ta koya wa makafi sana'a, tufkar igiya da saƙar tabarma, amma sai an san malamai nawa za a tura koyo tun yanzu. Sai mushen ya ce in faɗa mishi makafi nawa gare mu, kuma nawa nake ganin za a samu nan da shekaru masu zuwa.

Malam, wa ke tambayar mutum wanga abu? Ni da na taɓa cewa jakin Barmo ya rame, bai ga kasuwa ta gaba ba. Har yau in na bi ta garkar albasa, mai ita rakiya yake min, kada in yaba. In na ce goma, gobe idon wani ya yi ja, wa za a nuna? Kuma ba a ƙidayar mutane kamar tumaki. Na ce wa mushen babu ko ɗaya, da yardar Allah, na yi tofi. Ya sake tambaya, na sake tofi. Ya yi murna, ya ce bai ga gari mai lafiya irin namu ba.

To, an ce garuruwan Buza da Keita za su samu malamai, mu ba mu cikin lissafi. Alhali Furera, ɗiyar ƙanena, da agana ta rufe wa ido, tana bayan zana tana jin komi. Tun ranar ba ta gaishe ni ba; ta ce wanda babu shi ba ya gaisuwa. Matata Jaratu ta bi bayanta, furata ma yanzu tsululu take zuwa. Mushen zai komo watan gobe kafin a rufe magana. Ni dai ban taɓa haɗiye maganata ba, kuma ba zan kira wa kowa makanta ba. Ina mafita?

Tsoho mai tsoron bakinsa, Azarori

Baba, na ji kukanka, kuma ban ga mugunta a ciki ba. Ka ƙi jefa wa maƙwabta mugun fata, wannan hali ne mai kyau. Amma Furera ta fi ka gaskiya. Horar da malami yana ɗaukar shekaru. Garin da ba a sa shi yanzu ba zai daɗe yana jira, kuma ita ce za ta yi jiran a zaune, ba kai ba.

Ba sai ka haɗiye komai ba. Abin da ka faɗa addu'a ce, mushen ya rubuta ta a matsayin lissafi. Ka gaya masa haka, kanka a ɗage. Kada ka ce uffan game da gaba. Ba shi labarin baya, wanda ka fi kowa sani: shekarun agana da ƙyanda, da gidajen da suka taɓa. Abin da ya riga ya faru bakinka ba zai ƙara masa komai ba. Hasashe aikin biro ne, su ɗauki nauyinsa.

Ƙidaya kuwa, bar ta. Maigari ya gayyaci makafin da kansu ranar da mushen zai komo, kowa ya faɗi sunansa da sana'ar da yake so. Ka kuma roƙa a sa ɗaya daga cikinsu a jerin waɗanda za a horar da su su zama malamai. Ka fara da sunan Furera. Yarinyar da ta iya rufe bakin tsoho irinka za ta iya riƙe aji.

Jakin Barmo kuma, ina zaton yunwa ce.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya daidaita gidanka.