Ka Rufe wa Ƙanenka Ƙofa a Masar

Angona Nasiru, kakarka ce.

Canka mini wannan tukuna: mene ne ba shi da nauyi, ba a auna shi a filin jirgi, amma ka tafi Masar ka bar shi a Sheme?

To, assalamu alaikum. Yaya karatu, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata, sai kuma takaicinka.

Malam Sani na Damari, wanda ya fara zama a gidan da kake, ya zo mini jiya. Tsohuwar da ke da gidan ta kira shi ta waya, ta ce daga kanka ta gama saukar ɗaliban Katsina. Wai kana wuce ta da abin nan toshe a kunne, sai dai ka ɗaga mata hannu kamar ɗan sanda. Ta aiko maka abinci, ka dire mata kwano a bakin ƙofa ko wanki babu!

Kai wane ne? Su Malam Sani har ƙasa suke durƙusa mata, su karɓar mata kayan cefane. Don su ta sauke ka, ba don wannan ƙaton kan naka ba. Yanzu ƙanenka Bashir da zai zo baɗi, a ina zai sauka?

Ka je ka ba ta haƙuri. In ka ƙi, ba ni takardata, Bashir zan aura.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Ita kuma ka ce mata 'yar'uwarta tsohuwa ta ji kunya.

Abin da ka bari a Sheme gaisuwa ce.