Gashin da Ka Kai Shagon Yayarka

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na fake a cikinta rana ta same ni,

Yau ba zan tambayi lafiyarka ba. Don haushi, biro ya huda takardar nan sau biyu.

Ka tuna ranar da ka dawo min da littafin da na ara maka, a bayan ɗakin karatu, ka ce ka ga gashi tsakanin shafuka? Ni da ko gaishe ka sai na kalli ƙasa, na buɗe maka cikina. Na gaya maka abin da daga Umma sai likita suka sani: an gwada jinina, an ce wani ɗan abu a gaban wuyana ya yi sanyi wajen fitar da sinadarin homon, shi ya sa gashina ke bin mataji kamar busasshen ganye a iska. Ka rantse ba mai ji.

Sai ka tsince gashin, ka naɗe a takarda, ka kai wa Yayarka shagon kitso, wai ta ba ka magani! Shagon kitso, ya masoyi? Gaban mata bakwai, kowacce kai a sunkuye, baki a sake? Ko sunan ciwon ba ka riƙe ba. Yayarka ta ɗaga shi a haske ta ce makero ne, ana ɗauka. Wata ta ce jifa aka yi min. Jiya ƙawata ta ɓoye matajinta da ta hango ni, bencinmu na mutum uku a aji ni kaɗai nake zama. A duk littattafan da na karanta, samari kogi suke tsallakawa; ban taɓa ganin wanda ya tona asirin budurwarsa don tausayi ba!

Kuma abin haushin, wannan shashashar zuciyar har yanzu tsalle take in ta ji muryarka.

Likita ta ce ƙwaya ɗaya kowace safiya, in na daure wasu watanni gashi zai tsiro. Shi zai dawo. Mutuncina fa, wa zai rubuta masa ƙwaya?

Kai ne. Ka koma shagon ranar Asabar, sa'ad da ya cika maƙil, ka tsaya a tsakiya ka ce ba makero ba ne, ba a ɗauka, kuma ni kake so, da gashi ko babu. In kunya ta kama ka, ka ɗanɗana, abincina ke nan kullum.

Taka har ƙarshen numfashi,
wadda ba za ta yi maka magana ba sai bayan Asabar.